ƘANJAMAU DA GANUWAR HANJI: NAZARI A KAN INDA YAƘIN YA KE FARAWA

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu ya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da zancen hanji da ƙwayoyin cuta, alhali ga waɗanda su ke koyon aikin likita, su ne masu abin? Amsar ita ce, kalma ce ta haɗa mu. Sunan da Bahaushe ya laƙaba wa wannan ciwo, watau "ƙanjamau", ya samo asali ne daga aikatau "ƙanjame", wanda ke nufin mutum ya rame har ya bushe. An gina shi a kan tsarin da aka gina "sanƙarau" daga "sanƙare", watau an dubi abin da ciwon ke yi wa jiki a ido, aka raɗa masa suna da shi. Ba Hausawa kaɗai suka yi haka ba. A 1985 likita David Serwadda da abokan aikinsa sun ba da rahoton wata sabuwar cuta a yankin Rakai na ƙasar Yuganda, wadda mutanen wurin su ke kira "silim", kalmar da suka aro daga Ingilishi mai ma'anar siriri. Manyan alamunta biyu su ne gudawa wadda ba ta jin magani da rama mai tsanani.

Al'ummu biyu ke nan da ba su yi shawara da juna ba, amma idonsu ya sauka a wuri ɗaya. Tambayar da wannan maƙala za ta bi ita ce: me ya sa cutar da a ke cewa ta jini ce ta ke bayyana a ciki, ta ƙanjamar da mutum? Za a ga cewa masana kimiyya sun shafe shekaru kusan goma sha biyar suna duban jini kafin su gane cewa babbar ɓarnar a hanji a ke yin ta, kuma a makonnin farko. Daga nan za a duba abin da wannan ya ke nufi ga masu fassara da masu wayar da kan jama'a cikin harshenmu, waɗanda da yawa daga cikinmu za su zama bayan mun bar nan.

Garkuwa ko ganuwa?

A rediyo da jarida an saba cewa "garkuwar jiki". Kalma ce mai kyau, ta kuma zauna daram, ba ni da niyyar tayar da ita. Sai dai garkuwa abu ne da mayaƙi ɗaya ya ke riƙewa ya kare sara da suka, aikinta kawai ta hana kome wucewa. Hanji kuwa ba zai yiwu ya hana kome wucewa ba, domin ta nan ne abinci da ruwa su ke shiga jiki. Abin da ya fi kama da shi shi ne ganuwa, irin wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa a Kano a ƙarni na 12: gini mai ƙofofi, da sarakunan ƙofa, inda a ke barin fatake da mai itace da mai nono su shiga, a tsare mahara a waje.

Bari mu dubi girman wannan ganuwa. Bangon ƙaramin hanji ba sumul ya ke ba. Cike ya ke da lanƙwasa da 'yan tsirarrun yatsu waɗanda sai da madubin likita a ke ganin su sosai, kuma su ne ke tsotse amfanin abinci. Wani ƙiyasi da aka buga a 2014 ya nuna cewa in da za a shimfiɗe bangon hanyar abinci duka, faɗinsa zai kai kimanin murabba'in mita 30, alhali fatar jikin babban mutum ba ta kai murabba'in mita 2 ba. A cikin wannan hanji, musamman babban hanji, akwai ƙwayoyin bakteriya da aka ƙiyasta a 2016 sun kai kusan tiriliyan 38, watau sun yi kusan yawan ƙwayoyin halittar jikin mutumin kansa. Mafi yawansu ba abokan gaba ba ne muddin suna wurinsu. Suna taya narkar da abinci, suna kuma hana miyagu samun wurin zama. Abin mamaki shi ne, abin da ya raba wannan taro da cikin jiki layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, a jere kafaɗa da kafaɗa, an liƙe tsakaninsu da wani irin ɗinki mai ƙarfi, an shafe samansu da yauƙi. Ginin ba ya tsufa, domin cikin kwana uku zuwa biyar a ke sabunta tubalansa.

A bayan wannan layi ne mayaƙa su ke. Akwai dunƙulallun sansanoni a ƙarshen ƙaramin hanji waɗanda Johann Conrad Peyer, wani masanin ƙasar Suwizalan, ya bayyana tun 1677, aikinsu shi ne ɗanɗana abin da ke wucewa su tantance aboki da maƙiyi. 'Yan'uwan kaluluwa ne, wadda kowa ya san tana kumbura a hamata ko matsematsi idan an ji ciwo. Akwai kuma ɗimbin fararen ƙwayoyin jini a warwatse a ƙarƙashin bangon. A nan ya kamata a lura da wani abu: irin fararen ƙwayoyin da mu ke magana a kansu, kashi 2 cikin 100 ne kawai su ke yawo a cikin jini a kowane lokaci. Sauran suna zaune a kaluluwa da saifa da ɓargo da hanji. Wanda ya ɗebi jini ya ƙirga, kamar wanda ya tsaya a kan hanya ne ya ƙirga masu wucewa, ya ce ya san yawan mutanen gari.

Waɗanda cutar ta ke nema

Daga cikin fararen ƙwayoyin nan akwai wani jinsi da a ke kira CD4, saboda wata alama da ke jikinsu mai wannan suna. Ba su ne ke sara da suka ba. Su ne masu ba da umurni, su kira wannan runduna, su zuga waccan. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 da 1,500 daga cikinsu a cikin ɗigon jini da bai kai kan allura ba, watau maikrolita ɗaya. Idan suka yi ƙasa da 200, a lokacin ne likita zai ce mutum ya kai matakin ƙanjamau.

Ƙwayar HIV, wadda Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka gano a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris a 1983, ba bakteriya ba ce. Bairas ce, watau ba ta iya hayayyafa da kanta sai ta shiga cikin ƙwayar halitta mai rai ta mai da ita masana'antarta. Kafin ta shiga sai ta kama alamar CD4, sa'an nan ta kama wata alama ta biyu. A 1996 aka gano cewa wannan ta biyun, ga mafi yawan ƙwayoyin da ke kama sabon mutum, ita ce wadda a ke kira CCR5. To, a cikin jini 'yan kaɗan ne daga cikin CD4 su ke ɗauke da CCR5, amma a hanji mafi yawansu suna da ita. Haka kuma bairas ɗin ya fi jin daɗin hayayyafa a cikin ƙwayar da ta ke a farke cikin shirin yaƙi, na hanji kuwa kullum a farke su ke, tun da dare da rana suna fuskantar baƙi. Watau abin da ya sa suka zama nagartattun masu gadi shi ne ya mai da su abincin cutar. A 2008 James Arthos da abokan aikinsa a Amurka suka ƙara da cewa rigar bairas ɗin tana iya manne wa wata alama da ke jagorantar fararen ƙwayoyi zuwa hanji. Da ɗan gari a kan ci gari.

Wannan ya sa ko ta wace hanya cutar ta shiga, ta saduwa ce, ta allura ce, ta ƙarin jini ce, cikin 'yan kwanaki za ta isa hanji.

Makonnin farko

Likitoci sun ga alamar abin tun da wuri. A 1984 Donald Kotler da abokan aikinsa a Niyok sun duba tsokar hanjin masu ƙanjamau, suka tarar 'yan yatsun nan masu tsotsar abinci sun daƙushe, har a jikin waɗanda ba a sami wata tsutsa ko bakteriya mai sa gudawa tare da su ba. Amma a lokacin an ɗauki wannan a matsayin ɗaya daga cikin wahalhalun ƙarshen ciwo. Hoton da kowa ya riƙe shi ne wanda jini ya nuna: CD4 su ɗan faɗi a farko, su farfaɗo, sa'an nan su riƙa raguwa sannu a hankali har shekara takwas ko goma. Sai aka ɗauka cewa cutar mai tafiyar hawainiya ce.

Birai ne suka rushe wannan fahimta. Akwai 'yar'uwar HIV da ke kama birai, a na kiranta SIV, kuma idan aka sa wa biran Asiya ita sukan yi ciwo irin na ƙanjamau. A 1998 Ronald Veazey da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan irin waɗannan birai, inda suka nuna cewa cikin mako biyu na farko CD4 na hanji sun kusa ƙarewa, alhali a daidai lokacin jini da kaluluwa ba su nuna wani babban sauyi ba. A 2004 ayari biyu, na Jason Brenchley da na Saurabh Mehandru, suka tabbatar da irin haka a jikin mutane, ta hanyar zura na'ura su tsinko ɗan ƙanƙanin yanki daga bangon hanji. A 2005 Joseph Mattapallil ya ba da adadin da ya girgiza masana: a jikin biran, wajen kwana na 10 da kamuwa, tsakanin kashi 30 da 60 cikin 100 na gogaggun CD4, watau waɗanda suka taɓa karo da maƙiyi suka riƙe kamanninsa, sun riga sun harbu, kuma mafi yawan waɗanda suka harbun sun mutu cikin kwana huɗu.

Ya kamata mu tsaya a kan wannan. Mutumin da wannan abu ke faruwa a cikinsa, abin da zai ji bai wuce zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da ƙuraje da 'yar gudawa ba, wani ma ba zai ji kome ba. A ƙasarmu, inda kowane zazzaɓi sunansa maleriya, zai sayi magani a kemis ya sha, bayan mako guda ya ce ya warke. Jininsa ma zai goyi bayansa, domin adadin CD4 na jini zai sake hawa. Na hanji kuwa ba ya komawa yadda ya ke. Saboda haka shekarun nan da a ke ganin mutum garau ba shekarun zaman lafiya ba ne. Shekaru ne da jiki ke ta ƙoƙarin cike gurbin rundunar da aka karkashe tun a karon farko, yana zubawa a na kwashewa.

Ba duk ƙwayoyin da suka mutu ne bairas ɗin ya hayayyafa a cikinsu ba. Binciken da aka buga a 2014 daga ɗakin gwajin Warner Greene a San Faransisko ya nuna cewa da yawa suna mutuwa ne domin cutar ta fara shiga ba ta ƙarasa ba, sai ƙwayar ta ji baƙo a cikinta ta fashe kanta, ta watsa sinadaran gangami. Gangamin ya jawo sababbin CD4 zuwa wurin, su ma su faɗa tarko.

Sai bango ya tsage

A cikin CD4 na hanji akwai wata ƙaramar ƙungiya mai suna Th17, kuma a ganina ita ce zuciyar wannan labari. Aikinta ya haɗa gadi da gini. Tana fitar da saƙonnin da ke sa bangon hanji ya zubo sinadaran kashe bakteriya, tana kiran wasu mayaƙa idan an yi kutse, tana kuma sa a yi yaɓe a duk inda gini ya zaizaye. A 2008 aka nuna cewa wannan ƙungiya ce cutar ta fi yi wa kisan gilla. Ga shi kuma rigar bairas ɗin da sinadaran gangamin da jiki ke fitarwa suna kwance ɗinkin da ke tsakanin tubalan. Magina sun mutu, gini yana tsagewa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2006 Brenchley, tare da Daniel Douek, a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, suka auna jinin masu ɗauke da HIV suna neman wani sinadari mai suna LPS, wanda ɓawon wasu bakteriyar hanji ne, ba shi da abin yi a cikin jini. Suka same shi da yawa fiye da na masu lafiya, kuma gwargwadon yawansa, gwargwadon yadda mayaƙan jiki su ke a tunzure. A ƙa'ida jinin da ya taso daga hanji sai ya bi ta hanta an tace shi, amma a wannan hali hantar ma aikin ya kan fi ƙarfinta.

Me wannan tunzuri ke jawowa? A nan harshenmu ya ɗan gaza mana. Masu fassara sukan ce "kumburi", amma kumburi abu ne da a ke gani a taɓa, wannan kuwa babu inda ya tasa. Abin da a ke nufi shi ne dukan jiki ya zauna cikin shirin yaƙi shekara da shekaru ba a kwance ɗamara ba. Ni dai "tunzurin garkuwa" na ke ganin ya fi kusa. Illarsa ta farko, kowace CD4 da aka tayar ta zama sabon abincin bairas. Ta biyu, mayaƙan da a ke ta zugawa ba hutu sukan gaji, su daina jin kira. Ta uku, sansanonin da a ke renon sababbin mayaƙa, a kaluluwa da hanji, sukan cika da tabo kamar tsohon gyambo, su kasa aikinsu. Ta huɗu kuma ta wuce garkuwa, ta taɓa jijiyoyin jini da zuciya da ƙoda da hanta. Wani bincike na 2011 ya nuna cewa masu yawan wata alamar da jiki ke fitarwa idan ya ci karo da LPS sun fi saurin mutuwa, ko da adadin CD4 ɗinsu da yawan bairas ɗinsu daidai ya ke da na wasu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga dazukan Afirka. Akwai wani baƙin biri mai launin toka a Afirka ta Yamma, wanda daga gare shi ne HIV-2 ta samo asali, da kuma koren birin nan da ke yankuna da dama na nahiyar. Waɗannan suna ɗauke da SIV tun kaka da kakanni, bairas ɗin yana da yawa ƙwarai a jininsu, su ma CD4 ɗinsu na hanji sukan faɗi a farkon kamuwa, amma da wuya su yi ƙanjamau. Bambancin shi ne Th17 ɗinsu ba su ƙarewa, bangonsu ba ya tsagewa, ɓawon bakteriya ba ya kwarara cikin jininsu, tunzurin kuma ya kan lafa bayan 'yan makonni. Ashe yawan bairas kaɗai ba shi ke kai mutum ƙasa ba.

Yanzu a koma ga kalmarmu. Hanjin da yatsunsa suka daƙushe ba ya tsotsar mai da sauran amfanin abinci yadda ya kamata, sai mutum ya ci ya zubar. Jikin da ke cikin tunzuri yana ƙona abinci fiye da ƙima, ga rashin marmari. Ƙofa kuma ta buɗe wa baƙi. Akwai wata 'yar mitsitsiyar halitta mai suna Kiriftosforidiyam da ke zuwa ta gurɓataccen ruwa; mai lafiya zai yi gudawar mako ɗaya ko biyu ta wuce, amma mai ƙarancin CD4 zai yi watanni. Lokacin da ta shiga ruwan famfon birnin Milwoki na Amurka a 1993, mutum fiye da 400,000 suka kamu, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu masu ƙanjamau ne. Akwai kuma bakteriyar Salmonela, dangin mai kawo taifot, wadda a jikin mai lafiya iyakarta hanji, amma a asibitocin Malawi da wasu ƙasashen Afirka ta zama ɗaya daga cikin manyan masu harbar jinin masu HIV. A 2008 Manuela Raffatellu ta nuna a jikin birai cewa rashin Th17 ne ke ba ta hanyar tsallakawa. Ramar da Bahaushe ya gani ya ce "ƙanjamau", ƙarshen wannan doguwar sarƙa ce.

Abin da magani ya gyara, da wanda ya rage

Daga 1996 aka fara haɗa magunguna uku a lokaci ɗaya, abin da ya sauya labarin cutar baki ɗaya. Wanda ke shan magani a kan ƙa'ida, bairas ɗin kan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganinsa, ya yi ƙiba, ya yi aiki, ya yi aure, kuma a wannan hali ba ya harbar matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Amma hanji ya fi jini jinkirin farfaɗowa. Mehandru ya ba da rahoto a 2006 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na majinyatan da ya bi, bayan shekara ɗaya zuwa bakwai suna shan magani, CD4 ɗinsu na hanji ba su wuce rabin na masu lafiya ba. Haka kuma bairas ɗin kan shigar da kansa cikin kundin gadon wasu ƙwayoyi ya yi likimo, kuma hanji na daga cikin manyan maɓoyarsa. Shi ya sa idan aka ajiye magani, cikin 'yan makonni ya kan dawo.

A da a kan ce wa mutum ya jira sai CD4 ɗinsa sun sauka zuwa 200, daga baya aka ce 350, sa'an nan 500, kafin a ɗora shi a kan magani. A 2015 manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a ƙasashe 35 da mutum 4,685, ɗaya kuma a Kwaddibuwa, suka nuna cewa farawa nan take ya fi jira. A na farkon, haɗarin mummunar rashin lafiya ko mutuwa ya ragu da kashi 57 cikin 100. A watan Satumba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowa magani da zarar an gano. Wanda ya fahimci labarin hanji ba zai yi mamakin wannan sakamako ba.

Ƙoƙarin yaɓe bangon kai tsaye kuwa bai yi albarka ba tukuna. An gwada magungunan rage bakteriyar hanji, da na kama LPS kafin ya shiga jini, ba su sauya kome mai yawa ba ga masu daɗaɗɗen ciwo. A 2016 aka yi ta murna da wani rahoto da ya ce toshe alamar nan mai jagora zuwa hanji ya sa birai sun danne cutar ba magani, amma a 2019 da wasu suka maimaita gwajin ba su sami haka ba, a jikin mutane ma bai yi aiki ba. Haka nan zancen sauyin jinsin bakteriyar hanji. Binciken farko a Amurka ya ce yawan wata mai suna Firibotela alamar HIV ce, sai daga baya aka ga tana bin salon rayuwa da abinci. Tun 2010 an nuna cewa lafiyayyun yaran wani ƙauye a Barkina Faso, masu cin gero da dawa da wake kamar mu, suna da ita jingim, yaran birnin Fulorans na Italiya kuwa ba su da ita. Na kawo wannan ne domin masu tallar "maganin wankin ciki" a tasha da kasuwa ba su rasa abin kamawa a irin wannan labari. Abin da manyan ɗakunan gwaji suka kasa, ba jarkar tsimi ce za ta yi shi ba, kuma mai sa gudawa ƙara wa bangon rauni zai yi.

Abin da aka tabbatar yana taimakawa ba shi da tsada. Gwaje-gwaje biyu da aka yi a Abijan, aka buga a 1999, sun nuna cewa shan ƙwayar Septrin kullum yana rage kwanciya asibiti ga masu HIV, a wani rukunin ma ya rage mutuwa. A Yuganda, a 2005, an ga cewa sa sinadarin kulorin a ruwan sha da adana shi a mazubi mai ƙaramin baki ya rage yawan gudawa da kashi 25 cikin 100. Ga mai shan ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Sai batun jarirai, wanda ya taɓa al'adarmu kai tsaye. A wani bincike a Afirka ta Kudu da aka buga a 2007, kafin a fara bai wa dukan masu shayarwa magani, jariran da aka haɗa musu nono da abinci mai kauri a watannin farko sun fi waɗanda aka ba nono zalla kamuwa kusan sau 11. Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne baƙon abinci yana ƙuje ɗanyen bangon hanjin jariri, bairas ɗin da ke cikin nono ya sami ƙofa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ita ce uwa ta riƙe maganinta, ta ba da nono zalla wata shida, ta ci gaba da shayarwa aƙalla shekara guda. A gidajenmu kuwa, inda kaka ba ta yarda a bar jariri ba ruwa a watan bazara, kuma koko ya kan shigo da wuri, faɗar "nono zalla" kawai ba ta isa ba sai an faɗi dalili.

Aikin da ya rage wa ɗalibin Hausa

An fara ba da rahoton wannan cuta a Nijeriya a 1986. Ƙidayar da aka yi a 2018 ta nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasar duka. Da yawansu da Hausa za a yi musu bayani, a asibiti ko a rediyo.

A 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci, ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan, ya ba da shawarar a riƙa kiran HIV "karya-garkuwa", a bar wa matakin ƙarshe sunan "ƙanjamau". Ina goyon bayan wannan rarrabewa, kuma labarin hanji ya ƙara mata ƙarfi ta fuska biyu. Idan mai fassara ya ce wa mutum "kana da ƙanjamau" alhali ga shi da ƙibarsa, ko dai ya ƙaryata ya ƙi magani, ko ya yanke ƙauna. Duka biyun kuwa suna ba bangon lokacin ƙara tsagewa. Idan kuma jama'a suka riƙe cewa sai ramamme ne mai cutar, za a riƙa ƙyamar mai tarin fuka da mai ciwon suga, a kuma saki jiki da wanda ya kamu wata guda da ya wuce, alhali a lokacin ne bairas ɗin ya fi yawa a jikinsa. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar da ke cewa "sida" sun tsira daga hoton rama, amma su ma kalma ɗaya ce ke ɗauke da matakai biyu a bakin jama'a.

Saura "ƙwayar cuta", wadda mu ke jibga wa bairas da bakteriya da tsutsa gaba ɗaya, ga kuma "ƙwaya" ta magani da "ƙwayar halitta" da "ƙwayar jini". A wannan maƙala kaɗai mai karatu ya ga yadda kalmar ta yi ta karo da kanta. Ba yadda za a yi a bayyana wa majinyaci cewa Septrin na bakteriya ne, ba ya taɓa bairas, saboda haka ba zai maye gurbin maganinsa na kullum ba, muddin suna ɗaya mu ke kiran abokan gaban biyu. Ina roƙon malamanmu masu koyar da fassara su sa wannan rukunin kalmomi cikin aikin da a ke ba 'yan aji uku a zango mai zuwa, a tura su asibiti su ji yadda ma'aikatan jinya su ke faɗa da bakinsu, kafin mu zauna ƙirƙira a aji.